Ƙofofi Shida na Baba

Ranar da maza suka dawo daga kai Baba makwancinsa na kasa zama. An kafa kanofi tun daga ƙofar gidanmu a Nima har bakin kwata, kujerun roba sun toshe lungu. Ni kuwa ina ta shiga ina fita da buhun ruwan leda, in ajiye nan, in ɗauke, in mayar can. Goggo, ƙanwar Baba, ta kama bakin mayafina ta ce, "Auta, zauna mana, kina sa ni jiri." Na zauna. Kafin ta kai ƙarshen carbinta na sake miƙewa.

Da wannan yawon ne na ji abin da ake faɗa a kansa. Limamin lungunmu ya ce mutum ne da ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. Wani tsoho ya ce, "Injiniya guda, ya yi aikin wuta har ƙasashen waje, amma dumso, wannan ɗauke-ɗauken wuta, ya cinye mu yana zaune yana kallo." Aka yi 'yar dariya, aka ce Allah ya jiƙansa. Ɗan hayarmu, mutumin Tawa mai sayar da albasa, kuka yake kamar nasa uban ne ya rasu. Yana cewa, "Shi ya ja mini wuta ɗakina da hannunsa, ya hau tsani da tsufansa, ko goro bai karɓa ba." Sai wasu mata biyu a bayan tukunyar shinkafa, ba su san ina tsaye a kansu ba.

"Wai a ɗakin haya ya rasu a Mamobi, ga gidan ubansa nan."

"Ɗan ne ya kore shi."

"A'a, shi ya yi fushi ya fita. Kowa ya sani."

Wallahi da ba makokin ubana ake ba, da sun ji bakina a ranar. Na haɗiye, na zuba musu ruwa, na wuce. Abin da ban sani ba shi ne Yaya, babban wanmu, yana tsaye a baranda kuma ya ji su sarai.

Bayan magariba ya kira ni da Goggo. Ya ciro makullan gidan daga aljihu, na ƙofar waje da na sito da na akwatin mita, ya riƙe su a tafin hannu yana kallo. Ya ce, "In an yi addu'ar bakwai zan ajiye su. Zan koma wajen surukaina a Kasoa. Gidan da mai shi ya bari saboda ni, ba zan riƙe ba. Na je masa da magana ya juya mini ƙeya. Har ya mutu bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba."

Goggo ta sa salati. Ni kuma na san in Yaya ya tafi gidan ya tafi. Akwai 'ya'yan dangi da suka daɗe suna auna gaban gidan da ido, suna ganin shaguna a inda ɗakin kakanmu yake. Kuma abin da ya fi ci mini rai, Yaya zai tafi da yaƙinin cewa ubansa ya mutu yana fushi da shi. Wannan ne ya hana ni barci a makon nan, shi ne kuma ya sa nake rubuta wannan, kada a bar Baba a bakin masu tukunyar shinkafa.

Baba ya yi shekarun ƙarfinsa a wata tashar wuta can tsakiyar Afirka, irin wadda ba mu da ita a Ghana. Muna yara ba mu san komai game da aikinsa ba sai rediyo da takalma da yake kawo mana. Da ya yi ritaya ya dawo Nima da wasu halaye da suka zama abin tsokana a gida. In ƙwan lantarki ya ɗan ƙyafta, Baba zai yanke magana a tsakiya ya ɗaga kai, leɓensa na motsi, sai ya ga hasken ya tsaya sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. In an kawo wuta bayan dumso, yara na ihu a lungu, kowa na rige-rigen jona firij, shi sai ya tsaya a gaban akwatin mita ya ce, "Ku ba ta lokaci." Dutsen guga biyu kuwa ba sa aiki tare a gidanmu, ko da ranar Sallah ce. Goggo ta sha cewa ta ga masu tsoron Allah, ta ga masu tsoron mutuwa, amma mai tsoron soket sai yayanta.

Ni ce na gaji ɗan abin da na gada. Ina da shagon kayan wuta a bakin titin Nima, waya da ƙwai da soket, kuma a nan yake yada zango in ya fito. Wata rana na ce, "Baba, mutane na cewa kai injiniya ne amma ko fanka ba ka gyarawa a unguwa. Wai me kake yi a can ne?"

Ya sa na tattaro masa gwangwanayen madara shida daga wurin mai shayi. Ya jera su a kan kanta, ya ciro goro ɗaya.

Ya ce wutar da ake samu a madatsar ruwa mai kai da komo ce, irin ta gidajenmu. Amma in za a kai ta wuri mai nisa ƙwarai, sai a mayar da ita mai tafiya gaba kawai, ta bi dogon layi ta ratsa daji. A ƙarshen layin sai a sake mayar da ita mai kai da komo don birni ya iya amfani da ita. A wannan tasha ta ƙarshe ya yi aiki. "Waɗannan gwangwanayen su ne bawul," in ji shi, "amma ni ƙofofi nake ce musu. Wuta ba ta zama a ƙofa ɗaya. Wannan ta ɗauka ta miƙa wa waccan, waccan ta miƙa wa ta gaba, sau da yawa kafin ki ƙyafta ido." Yana magana yana cira goron daga gwangwani zuwa gwangwani.

Na ce, "To, ina wahalar?"

"Wahalar ita ce ƙofar nan kina iya ba ta umarni ta buɗe, amma ba kya iya ba ta umarni ta rufe. Sai wutar cikinta ta ƙare ƙaf, sannan a bar ta ɗan lokaci ta huce. In aka yi rashin sa'a a daidai lokacin miƙawa, tsawa ta faɗa wa wani layi a gefen birni, ƙarfin wutar can ya yi ƙasa, sabuwar ƙofa ba za ta iya janye kayan da wuri ba. Lokaci ya ƙure, tsohuwar ba ta gama rufewa ba. Sai wutar ta koma mata." Ya mayar da goron gwangwanin baya da ƙarfi har ya yi ƙara. "Shi ke nan miƙawa ta lalace. Wuta ta yi gajeren zango a cikin tasha, birni bai samu komai ba. In sau ɗaya ne, ƙwai ya ƙyafta a wuce wurin. In ta yi ta maimaitawa, dole a kashe tashar gaba ɗaya."

Ya ba ni labarin wata damina da hakan ta same su. Hadari ya tsaya a kan birnin, tsawa na bin layuka, miƙawa na lalacewa tana gyaruwa tana sake lalacewa, har tashar ta kashe kanta. Ya ce ba laifin kowa ba ne, amma ya tsaya a taga yana kallon gari guda ya yi baƙi ƙirin, ya tuna akwai asibiti a ciki. Tun daga ranar ƙyaftawar ƙwai take tsayar masa da magana.

Na ce, "Babu magani?"

Ya ce magani biyu ne. Na farko, a fara miƙawa da wuri, don tsohuwar ƙofa ta sami isasshen lokacin rufewa. Na biyu, a ƙarfafa gefen mai karɓa. Ya ce suna da wani ƙaton inji a tashar, ba ya jan komai, ba ya niƙa komai, juyi kawai yake dare da rana. Baƙo in ya gani sai ya ce asara ce. Amma shi ke tallafe ƙarfin wutar birni in tsawa ta bugo, har sabuwar ƙofa ta gama karɓa. Na ce, "Ashe har a cikin injuna akwai 'yan zaman kashe wando." Ya yi dariya har da tari, ya ɓare goron ya ba ni rabi.

Bayan rasuwar Mma, mahaifiyarmu, Baba ya tara mu da Babbar Sallah ya miƙa wa Yaya makullan gida a gaban kowa. Ya ce daga yau maganar gida ta Yaya ce, layin wanka, sharar kwata, rigimar 'yan haya, karɓar goron aure, duka. Ya ce gara ya miƙa tun da ƙarfinsa. Aka yi fatiha, aka ci nama.

Damina ta zo. Wanda ya san Nima ya san kwatarmu in ta cika. Ruwa ya shigo ɗakunan baya har gwiwa, ciki har da na Goggo da na mutumin Tawa. Yaya ya yanke cewa Goggo ta koma ɗakin Mma da ke kan tudu, mutumin Tawa kuma ya zuba albasarsa a sito kafin a gyara. Hukunci ne mai kyau, har yau ina faɗa. Amma Goggo ta ce ita ba za ta kwana a ɗakin mamaciya ba, sito take so, kuma yaron da ta yi wa wanka yana jariri ba zai nuna mata wurin kwana ba. Ta ɗauki tabarmarta ta tafi ƙofar Baba tana kuka. Baba ya fito, ya ga ƙanwarsa da jiƙaƙƙen zane, ya ce, "A ba ta siton mana."

Maganar ke nan, ba ta fi haka ba. Albasar mutumin Tawa ta ruɓe a baranda. Kuma daga ranar duk mai ƙorafi sai ya wuce Yaya a tsakar gida, ya gaishe shi, ya zarce ƙofar Baba. Makullai na aljihun Yaya, amma ko yaro ya san inda hukunci yake. Yaya ya daina cin abinci a gida.

Baba ya zo shagona ya zauna. Can ya ce, "Auta, ni ne ban rufe ba."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Sai da na ga ya kama ɗaki a Mamobi, ya kira mai tasi ya kwashi katifarsa da rediyonsa da akwatin littattafansa. Goggo ta kwanta a gaban motar, ya zagaye ta. Ya ce ƙofarsa a buɗe take ga mai gaisuwa, amma duk wanda ya zo masa da maganar gidan Nima, bai ji ba.

Kuma ya cika maganarsa. Kai, Baba da taurin kai! Goggo ta je masa da ƙarar matar Yaya, ya tambaye ta ko har yanzu ana samun kifi mai kyau a kasuwa. Yaya da kansa ya je, lokacin da aka zo neman auren 'yar marigayi ɗan'uwanmu kuma dangi suka rabu biyu a kan yaron. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ban san yadda zan yi ba." Baba ya dubi agogo ya ce, "An kira la'asar kuwa?" Ya ɗauki buta ya fita. Yaya ya dawo ta shagona idonsa jajir, ya sayi ƙwan da ba ya bukata ya tafi.

A ranar na rufe shago na tafi Mamobi a fusace. Ko zama ban yi ba.

"Baba, wannan wace irin rayuwa ce? Ɗanka ya durƙusa a gabanka!"

"Zauna ki sha shayi."

"Ba zan sha ba! Yaya mutum ne, ba gwangwanin madara ba ne. Kalma ɗaya za ta kashe ka?"

"Kalma ɗaya ce ta ruɓar da albasar bawan Allah."

"To ka ce masa ba fushi kake ba!"

Ya juya cokali a kofi. Ya ce, "In na buɗe kaɗan, duka za ta dawo." Na ce masa Allah ya ba shi haƙuri da injunansa, na buga ƙofa. Mun shirya daga baya, da ƙosai na je na ba shi haƙuri, amma a wannan magana bai matsa ko taƙi ba har ya koma ga Allah.

A cikin wannan zamanin ne Baba Ƙarami ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Ƙanin Baba ne, tsohon direban motar haya ta trotro, yana zaune a Kotobabi, mutum mai surutu kamar rediyo. Kullum bayan la'asar sai ga shi yana jan ƙafa, ya zauna a benci kusa da Yaya a ƙofar gida. Ba ya kawo komai, ba ya gyara komai. In rigima ta taso Yaya ya yanke hukunci, aka juyo ana kallon Baba Ƙarami a matsayinsa na babba, sai ya ce, "Abin da mai gida ya ce." Ko Goggo ta yi ta zuba, abin da za ta samu ke nan. Da magariba ya tashi ya tafi. Yaya ya tsane wannan zama, yana cewa an turo masa ɗan leƙen asiri. Ni ma na sha tsokanarsa cewa tuwon Goggo ne ke kawo shi.

Ranar addu'ar bakwai, da malamai suka shafa aka fara watsewa, Yaya ya tara mu a baranda. Ya ajiye makullan a kan tabarma a gaban Baba Ƙarami, ya ce, "Kai ne babba yanzu. Ga amanarku."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba Ƙarami ya ɗaga mini hannu. Ko kallon makullan bai yi ba.

Ya ce, "Kai yaro, kana tsammanin son benci nake? Dubi gwiwar nan. Daga Kotobabi zuwa nan, daga nan zuwa Mamobi, daga Mamobi in koma gida, kullum ta Allah. Ni da na yi shekaru ina tuƙa mutane, na ƙare da tafiyar ƙasa saboda kai."

Yaya ya ce, "Na sani ai. Rahoto kake kai masa."

"Rahoton me? Ranar da ubanka zai bar gidan nan ya kira ni. Ya ce wai in zama wani injinsa mai juyi ba ya ɗaukar kaya. Na ce masa, ni direba ne, yi mini Hausa. Ya ce, ka zauna kusa da yaron kawai. Kada ka ba shi shawara, kada ka yanke komai, amma in an taso masa a ga akwai babba a gefensa. Ka san wahalar da na sha kafin in iya rufe bakin nan nawa?"

Gwangwanaye shida suka dawo mini, da injin da na kira ɗan zaman kashe wando. Duk shekarun nan ina zagin Baba a raina cewa ya yi magani ɗaya ya manta na biyu, ashe na biyun yana zaune a ƙofar gidanmu ina tsokanarsa da tuwo.

Baba Ƙarami ya ci gaba. "In na isa Mamobi ba ya bari in ba shi labari. In na fara sai ya toshe kunne. Tambaya ɗaya yake yi: 'Ya riƙe?' In ce ya riƙe. Sai ya ce alhamdu lillahi, a zuba mini shayi. Ranar da ka ɗaura auren yarinyar nan, da na ce ya riƙe, sai da ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito ya ce hayaƙin gawayi ne ya shiga masa ido. Ranar da zai cika ma, da ƙyar yake numfashi, abin da ya tambaye ni ke nan."

Yaya ya ɗago ya ce, "Me ya hana shi ya faɗa mini da bakinsa?"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya yaba maka yau, gobe za ka dawo neman na biyu, jibi gidan duka ya biyo bayanka."

"Ni ɗansa ne, Baba Ƙarami. Ɗansa ne ni."

Gaskiya ya faɗa. Ni ma a nan nake tsaye har gobe. Baba ya san wuta, kuma abin da ya lissafa ya fito daidai, gida bai mutu ba. Amma ya bar ɗansa da ƙishin kalma ɗaya har ƙasa ta rufe masa ido, kuma wannan ba daidai ba ne. Ina son ubana, ina jin haushinsa, duka biyun suna nan a ƙirjina ba wanda ya kori wani.

Muna nan zaune sai mai kanofi ya leƙo, yaransa na jira da mota. Ya ce, "Wane ne mai gida a nan? Mu kwashe ne ko a bari sai gobe?"

Goggo ta juya kai wajen tsohuwar ƙofar Baba, kamar yadda ta saba. Ta tsaya. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki makullan daga kan tabarma, ta sa su a cinyar Yaya, ta ce wa mai kanofi, "Ga shi nan."

Yaya ya share fuska da hularsa. Ya miƙe, ya zura makullan a aljihu, ya ce a kwashe amma a bar kujeru kaɗan don masu zuwa daga nesa. Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"Baba Ƙarami, gobe za ka zo?"

"In zo in kai wa wa?"

"Ka zo dai."

Ya zo. Ya zauna a bencinsa har aka kira magariba. Ina rufe shago na hango shi ya fito titi, ƙafarsa ta ɗauke shi ta hanyar Mamobi. Ya yi 'yan taku ya tsaya cak a tsakiyar masu trotro, yaran mota na ta kiransa, shi bai san inda zai nufa ba. Na fita na kamo hannunsa na shigo da shi, na zaunar da shi a kujerar da Baba yake zama, na aika a kawo shayi.

Na ce, "Baba Ƙarami, ya riƙe?"

Ya dube ni. Ya ce, "Ya riƙe."

Allah ka jiƙan Baba, ka yafe masa shirunsa, ka haskaka masa kabari da hasken da ba ya ƙyaftawa. In ana kai wa mamata labari, a kai masa wannan.